Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Sakkwato Zuwa Ga Daraktocin Fina-finai Masu Dogon Zango

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya kuma fama da jama'ar lokeshan? Allah ya taimaka. Mu da muka rubuto wannan takarda 'yan tsiraru ne a cikin garin Sakkwato waɗanda sana'arsu ta shafi hoto da sauti da harshe. Akwai masu tace hoto, akwai masu ɗaukar bidiyo, akwai mai haɗa sauti, akwai kuma malamin Hausa. Mun bi fina-finan da kuka saki a 'yan watannin nan, na YouTube da na tashoshin talabijin, kuma mun ga ya dace mu faɗa muku abin da muka gani. Ba za mu kama sunan fim ko na darakta ba. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Yabo tukuna, don kun cancanta. Wanda ya san yadda hoton kaset yake a zamanin da aka fara wannan harka a Kano da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ya san an yi nisa. Hoto ya washe, dattawan 'yan wasa suna samun rawar da ta dace da su, kuma labaran gado da siyasa da zaman gidan haya sun fara ture labarin saurayi ɗaya da 'yan mata biyu. Daraktocin da suka fi burge mu a bana su ne masu barin ɗan wasa ya yi shiru, kyamara ta tsaya a fuskarsa daƙiƙa uku ko huɗu ba tare da an cusa masa magana ko kiɗa ba. Masu yin haka su ci gaba.

To amma akwai abin da muke zaton kuna mantawa, shi ne inda ake kallon aikinku. Ku kuna duba shi a babban allo, a ɗakin edita mai sanyi da manyan lasifika. Mai kallonku na unguwar Mabera ko Runjin Sambo ko Arkilla a nan Sakkwato, a waya yake gani, sau da yawa ma ba daga YouTube kai tsaye ba, daga shagon masu tura fina-finai, inda aka riga aka matse fayil ɗin don ya shiga memori. Yana kallo a bakin shago, 'yan kabu-kabu na wucewa, lasifikar wayar kuwa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa, da wannan mutumin muka auna shi.

Ciwon ya fi tsanani a sauti. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu har fim ya ƙare, amma in sai ya kanga waya a kunne kafin ya ji abin da jaruma ta ce, ba zai kai minti biyar ba zai sauya. Yawancin matsalar daga nisan makirufo take. Duk sanda aka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Edita ya zo ya ɗaga muryar, sai ya ɗaga ta tare da ƙugin ɗakin. Shi ya sa makirufon sanda ya kamata ya tsaya santimita 30 zuwa 60 saman kan mai magana, bakinsa na kallon bakin mutum, mai riƙe da shi kuma ya san layukan sin ɗin don ya juya kafin na biyu ya buɗe baki. Idan hoton mai faɗi ne har sanda ba za ta matso ba, a ɗauke shi don nuna wuri kawai, a ɗauki maganar a hoton kusa, edita ya ɗora.

Falon Alhaji mai kuɗi da kuke so ƙwarai, shi ne babban abokin gabar mai sauti. Tayil a ƙasa, silin mai sulɓi a sama, gilashi ta ko'ina, murya na bugun bango tana dawowa kamar ana magana a cikin rijiya. Kafin a kafa kyamara, wani ya tsaya tsakiyar falon ya tafa hannu sau ɗaya. In an ji tafin ya ja wutsiya, a shimfiɗa kafet ko darduma duk inda kyamara ba ta gani, a rataya barguna biyu ko uku a bayan masu ɗauka, a jingina katifa a bangon da ke fuskantar mai magana. Aikin minti goma ne, kuma ya fi a dogara da manhaja ta cire amsa-kuwwa daga baya.

Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a ƙirji kuma, suturarmu ce ke cin amanarsa. Shadda mai sitaci tana ƙara da kowane motsi, haka babbar riga in an saɓa ta, haka hijabi mai santsi in ya gogi kan makirufon. A sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a manne shi a singileti da filastar asibiti, sannan a manne rigar sama da ta ciki a daidai wurin don su riƙa motsi tare, kada ɗaya ta gogi ɗaya. A naɗe wayarsa zagaye ɗaya ƙarami a manne, domin jan waya ma yana shiga. Awarwaro da sarƙa masu kaɗawa, in labari bai buƙace su ba, a cire. Kuma mai sauti ya sa abin ji a kunne tun daga farkon ɗauka har ƙarshe. Abin kunya ne a ce sai a ɗakin edita aka gano batir ya mutu tun rabin sin.

Janareta a kai shi mita 30 ko fiye, a bayan katanga, salansa na kallon wani gefe, a ja wuta da waya mai kauri don kada ta yi zafi. Fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki a kashe su lokacin ɗauka. Mun san zafin watan Afrilu, a nan Sakkwato ya kan haura digiri 40, don haka a kunna fanka tsakanin ɗauka da ɗauka, a kashe in an ce a fara. (Tsohuwar dabarar masu sauti: wanda ya zare firjin masu gida ya jefa makullin motarsa a ciki, ba zai tafi ya bar musu nama ya lalace ba.) Bayan an gama kowane sin, kowa ya tsaya cik a ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Da shi edita ke cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Rashinsa ne ke sa a ji ƙugi ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke, duk sanda hoto ya koma daga fuska zuwa fuska.

A wajen haɗawa, murya ta riƙa kai wa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin sauti na manhajar edita, kiɗan da ke ƙarƙashinta ya yi ƙasa da ita da desibel 15 zuwa 20. YouTube yana rage ƙarar bidiyon da ya cika ƙara, amma ba ya ɗaga wanda ya yi ƙasa, saboda haka fim ɗin da aka fitar da raunin murya haka zai zauna. Kafin a saki kowane kashi, a tura shi cikin waya mafi araha da ke ofis, a fita bakin titi a saurara. Layin da ba a ji ba, a koma a gyara.

Kiɗan kansa ma akwai magana. Fiyano ɗin baƙin ciki guda ɗaya da ake kwasowa kyauta a intanet ya zagaye fina-finai da yawa, har mai kallo kan san za a yi mutuwa tun kafin a buga waya. Ƙasar da ke da kotso da taushi da kalangu da gurmi da sarewa ba ta rasa abin ɗorawa a ƙarƙashin hoto ba. A ɗauki makaɗi guda yini ɗaya a situdiyo, ya buga gajeru-gajeru kamar ashirin, na fargaba da na murna da na tafiya da na fada, a biya shi haƙƙinsa, a sa sunansa a ƙarshen fim. Zai ishi zango guda.

Haske ba za mu daɗe a kansa ba, don nan kun fi ƙoƙari. Abu uku ne ke yawan dawowa. Na farko, rawar da fitila ke yi a hoto, layuka na hawa suna sauka a bango. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kyamarori da wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saitin Amurka na hoto 30 ko 60. A mayar da kyamara hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa. In ƙaramin janareta ne mai hawa da sauka, ko an yi haka za a iya ganin rawar, sai a koma fitilun batir. Na biyu, farar shadda da baƙar fata a tsakar rana: in an buɗe idon kyamara don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama farin fili babu aiki babu zare, in an rufe don riga, ido ya faɗa rami. Sin na waje a yi shi daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ko bayan la'asar. In dole sai da rana, a ɗaga farin yadi kamar mita biyu a kan 'yan wasa ya tace ranar, a sa farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske fuska, a ɗaura gilashin rage haske a bakin lens. Na uku, gauraya hasken taga da ke wajen 5600 a ma'aunin launi da ƙwan ɗaki mai ja da ke wajen 3200, sannan a bar kyamara ta zaɓa da kanta. Sakamakon shi ne jaruma ta zama ruwan toka a wannan hoto, ta zama ruwan goro a na gaba. A zaɓi ɗaya, a kashe ɗayan, a kulle saitin. Sin na dare kuma a ƙara masa haske fiye da yadda ido ke so a lokeshan, domin duhu ne farkon abin da ke farfashewa in an matse fayil.

Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kyauta ce ga mai ɗaukar hoto, don yana tausasa rana. Sai dai kada a sauya lens a fili. A shiga mota a rufe gilashi, in ba haka ba ɗigon ƙura zai zauna a kusurwa ɗaya ta hoto har ƙarshen zango.

Akwai suna da ke fitowa a ƙarshen kowane fim a ƙarƙashin "ci gaban shiri", wato mai lura kada kaya su sauya daga hoto zuwa hoto, amma wani lokaci sai mu yi tunanin sunan ne kawai ya je lokeshan. Karin hula yana dama, an juyo yana hagu. Lemo ya kai rabin kofi, ya koma cike. Lallen amarya ya yi baƙi ƙirin da safe, da yamma a ranar ya koɗe, saboda an ɗauki sin na biyu bayan mako biyu. Mafi muni, a fita gida ciyawa kore shar, a isa kasuwa cikin hazo. Maganinsa waya ce da littafi: a ɗauki hoton kowane ɗan wasa daga sama har ƙasa da hoton teburin da ke gabansa a ƙarshen kowane sin, a rubuta lambar sin da ranar labari, ba ranar ɗauka ba. Haka nan layin da ke tsakanin mutum biyu masu magana, kyamara ta zauna a gefe ɗaya nasa. In ta tsallaka, sai a ga dukansu suna kallon gefe guda kamar masu jiran mota.

Yanzu ga maganar da ta fi ci wa masu kallo tuwo a ƙwarya: jan labari. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Kashi mai minti 40 yana son shafi kusan 40. Abin da muke gani kuwa ya fi kama da shafi goma sha biyar da aka ja kamar danƙo. Jirgin ɗaukar hoto ya zagaya saman gari. Mota ta taho, mai gadi ya ruga ya buɗe get, ta shiga, ta tsaya, a nuno takalmi yana sauka a hankali. A shiga falo a yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har yara har mutan gida, a kawo ruwa, a sha. Minti shida sun tafi ba a ce komai ba. Sannan a dawo da tunanin baya, a maimaita sin ɗin makon jiya ɗungurungum. Gaisuwa al'adarmu ce, ba mu ce a yar da ita ba, amma a fim tana da amfani ne in tana ɗauke da wani abu, kamar kishiyar da ta amsa a daƙile ko ɗan da ya ƙi durƙusawa. In ba haka ba, a shiga sin a tsakiyarsa, a fita kafin a yi sallama. Tunanin baya kada ya wuce daƙiƙa goma. Kuma kuna da shaida a hannunku, domin shafin mai tasha a YouTube yana nuna zanen daidai inda masu kallo suka tsallake da inda suka fice. Ku buɗe na kashi biyar a jere tare da marubuci, ku duba mene ne a allo a kowane wurin da layin ya faɗi. A rubuta ƙarshen labari kafin a ɗauki kashi na ɗaya. Fim ɗin da ake rubutawa mako-mako gwargwadon surutun masu sharhi, shi ne wanda mugu ke tuba sau uku yana komawa.

Bincike ma yana da muhimmanci, kuma a garin malamai irin wannan ba a yafe kuskurensa. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, in ba mai ciki ba ce, wadda tata ke ƙarewa da haihuwa. Matar mamaci tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, in ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma in matan huɗu ne wannan kason suke rabawa, ba kowace da nata ba. Kotun shari'ar Musulunci da babbar kotu ba tsarinsu ɗaya ba, ba suturarsu ɗaya ba. Duk sin da ya taɓa gado ko saki ko kotu ko asibiti, a kai wa malami ko lauya ko ma'aikaciyar jinya shafukan su karanta kafin a ɗauka. Masu fim ɗin tarihi kuma su sani, labarin da ya faru kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903 ba ya ɗaukar butar roba ko rufin kwano ko shadda mai maiƙo ko tabon agogo a hannun jarumi. Saƙi ne da rini, tulu da ƙwarya da akushi, ciniki kuma da kuɗin wuri. Gidan adana tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin gari da kayan yaƙi da rubuce-rubucen zamanin, mai sutura ya zo ya gani da idonsa.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye. Kusan duk sanda Basakkwace ya fito a fim, ko mai gadi ne, ko baƙon ƙauye da ya zo ba da dariya. Ba mu ƙi raha ba, mu ma muna yi da Kanawa. Amma har yau muna jiran likita ko alƙali ko uwar gida mai hankali da za ta yi Sakkwatanci a fim ba tare da an sa kiɗan barkwanci a ƙarƙashinta ba. Ko ta fuskar kasuwa ma, masu wannan harshe sun bazu daga nan har Zamfara da Kabi, sun haye iyaka ta Illela zuwa Ƙonni da abin da ke bayanta, kuma duk suna kallonku.

In kuma za a yi, a yi shi daidai, domin yana da ƙa'ida. "Munka" da "kunka" da "sunka" da "anka" suna zama ne a gurbin "muka" da "kuka" da "suka" da "aka" kaɗai. Basakkwace zai ce "mun zo", ya ce "jiya munka zo". Ɗan wasan da ke watsa "munka" a kowace jimla, da jin sa an san aro ya yi. A mutum ɗaya kuwa baƙin farkon aikatau ake ninkawa: "shi yaz zo", "ita tat tahi". Inda Bakano zai ce "ne" da "ce", mu "na" da "ta" muke cewa. "Wanga" na namiji ne, "wagga" ta mace, sai a ce "gidan ga" amma "rigag ga". Harafin "f" yakan koma "h" kamar a "lahiya" da "tahiya", gaban wasalin "a" kuma ya koma "hw" kamar a "hwaɗi". Addu'a da "shi" take tafiya, "Allah shi kyauta", a fada a ce "ranka shi daɗe". Biyar kuma "biyat" ce. Sannan Sakkwatanci da Zamfarci da Kabanci da Gobirci 'yan uwa ne amma ba abu ɗaya ba ne, don haka a san daga ina mutumin labarin ya fito. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba ɗan ƙasar rawar. In ba a samu ba, a ba wani haifaffen nan layukan ya juya su, ya karanta a waya a tura wa ɗan wasa mako guda kafin ɗauka, ranar ɗauka kuma ya zauna kusa da darakta da ikon cewa a sake. Karin sautin ya fi kalmomin wuya, kuma ba a koyonsa a bakin kyamara.

Na ƙarshe ƙarami ne amma kullum yana sokar ido: rubutun da ke kan allo. Sunan fim da sunayen ma'aikata suna fitowa babu ƙugiya, "ƙasa" ta zama "kasa", "baƙi" ya zama "baki", "ɓata" ta zama "bata". Yawanci salon harafin da mai zane ya zaɓa ne ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya sauke su ya wuce. A gwada haruffan uku da manyansu kafin a zaɓi salo. Fassarar Turanci ta ƙasan allo kuma kada ta wuce layi biyu, kowane layi harafi 40 ko kusa da haka, ta daɗe gwargwadon yadda mutum zai karanta ta da baki a natse, a ba wanda bai ga rubutun fim ɗin ba ya duba ta kafin a saki.

A gaishe da furodusoshi da marubuta da sauran ma'aikata.

Wassalam.

Daga 'yan uwanku masu aikin hoto da sauti,
Sakkwato.